Wa ya riƙe gida, wanda ya tafi ko wanda ya zauna?



Yau ina so mu yi shawara bisa wata magana da ta same ni nan Badagishiri, inda nake karantar da manya. Kowace shekara, in an gama yankan hatsi, ajin maza sai ya rage. Wanda muka yi karatu da shi jiya, yau sai a ce ya shiga mota. Wani ya nufi Abijan, wani Legas, wani Kamaru, wani ya bi ta Agadas zuwa Libiya ko Aljeriya. Mu mutanen Adar an san mu da tafiya bida tun kakanni. Kai ma na san kana da naka a waje.

Wata rana mutum biyu, wa da ƙane, suka zo wurina bayan rasuwar mahaifinsu, don in rubuta musu lissafi kafin rabon gado. Wan ya yi shekara 9 a Abijan. Ƙanen kuwa bai taɓa wuce Ƙonni ba. Wan ya ce: "Mushe, rubuta. Buhun da aka ci gidan nan duk bazara, kuɗina ne. Kwanon da ke bisa ɗakin tsoho, ni na saye. Sadakin wannan yaro ma, ni na biya." Ƙanen ya bari sai da ya ƙare, sannan ya ce: "Yaya, gaskiya ka faɗa. Amma daren da ciwon Baba ya tashi, wa ya ɗora shi bisa amalanke? Wa ya yi kwana 20 yana kwana ƙasa a gidan likita? Wa ya nome gonarka, ya kai ɗiyanka lakkol? Mushe, wannan a wane layi za ka rubuta shi?"

Na ajiye alƙalami, don ran nan ba ni da amsa. Ga abin da na gano daga baya, kai ma ka auna.

Da farko, kada mu zargi mai tafiya. Damanarmu wata uku ce ko huɗu. Ƙasarmu duwatsu ne da fako. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai, yau jikoki goma ke rabonta. In rumbu ba zai kai damana ba, saurayin da ya fita ya rage baki ɗaya, kuma ya aiko da abin sayen hatsi. Tsofaffi sun san gidajen da kuɗin ƴan bida suka tsayar a yunwar 1973 da ta 1984, mu ma mun gani a 2005. Kuma mai tafiya yana kawo abin da ya fi kuɗi. A 1989 wasu manoma na ƙasar Illela suka je Yatenga ta Burkina Faso, suka ga yadda ake haƙa ramu a fako, a zuba taki, ruwan sama ya tsaya ciki. Suka dawo suka gyara tasa ta gargajiya. Yau fako da yawa da aka yi wa tasa yana ba da hatsi.

Amma fa ƙasar wani ba rumbu ba ce da za ka jingina da ita har abada. A 1969 gwamnatin Gana ta kori baƙi marasa takardu. A 1983 Nijeriya ta yi haka. A 2011, da yaƙi ya ɓarke a Libiya, dubban ƴan Nijar suka dawo, wasu da rigar jikinsu kaɗai. Wa ya buɗe musu ƙofa? Wa suka tarar ya ajiye iri, ya hana gona mutuwa? Wanda ya zauna. Da kowa ya tafi, da ba gidan da za a komo. Kada kuma mu manta da mata. Lokacin da aka fara babban aikin farfaɗo da ƙasa a Keita, a 1984, yawancin masu ɗaukar duwatsu bisa kai mata ne, don mazan suna waje.

Ke nan hakkin iyaye iri biyu ne. Akwai wanda ake iya aikowa: kuɗi, tufafi, magani. Akwai wanda ba ya shiga mota, ba ya bin waya: riƙe hannun tsoho ya tashi, ba shi kunu a baki, zama kusa da shi ya ji motsin mutum. Na farko yana da rasit, kowa na ganinsa. Na biyu ba a ƙirga shi, shi ya sa mai yin sa yakan ji an ci amanarsa. Saboda haka mai tafiya ya sani, ɗan'uwan da ya zauna yana biyan rabonsa na wannan bashi. In ya aiko jika hamsin, kada ya ɗauka ya sayi girman gida da su.

Ba mu kaɗai ke cikin wannan hali ba. Mutanen Meksiko miliyoyi ne ke aiki a Amurka, gonaki da wurin gini. A 2023 kuɗin da aka aika Meksiko daga waje ya wuce dalar Amurka miliyar 60. Duk da haka, akwai cikinsu waɗanda rashin takarda ya hana su zuwa jana'izar uwa, don in sun fita ba su iya komawa. Kuɗi ya iso, ɗa bai iso ba. Kukansu da namu ɗaya ne.

Yanzu sai mu faɗa wa juna gaskiya. Laifin mai tafiya shi ne yin shiru. Ka bar mata da ɗiya shekara huɗu, ba aike, ba labari, ita ba mai aure ba, ba sakakkiya ba. A zamanin wayar salula wannan ba shi da hujja. In ba ka samu ba, ka faɗa. Mu na gida kuma muna da namu laifi. Muna tsammanin kuɗi bisa titi ake tsintarsu a can. Baƙo ya sauka, kafin mu ce "ina gajiya", idonmu na bisa jakarsa. Wannan kunya ce ke hana wanda bai samu ba komowa, har ya ɓace. Wanda ya dawo hannu sake, ɗanmu ne, a shimfiɗa masa tabarma.

Shawarata ita ce, kafin a shiga mota a zauna gaban iyaye a yi magana. Wata nawa za ka yi? Wa zai nome gonarka, kuma mene rabonsa? Kuɗin da za ka aiko, nawa na abinci, nawa na mata, nawa na ajiya? Tunda ka iya rubutu yanzu, ka sa shi a takarda, kowa ya riƙe tasa.

Su wa da ƙanen nan, da suka dawo, na raba takarda biyu. Gefe ɗaya na rubuta kuɗin wan. Ɗaya gefen na rubuta damana 9 da kwana 20. Wan ya daɗe yana duban gefen ƙanensa, sannan ya ce a bar lissafin, a kira malam ya raba yadda shari'a ta ce.

To, kai fa, a gidanku wa ke riƙe da gefen da ba a rubutawa? Ku yi wannan magana a ajinku, ku rubuto mana abin da kuka gani. Allah ya maido matafiyanmu lafiya.