Cinikin Disamba, Zazzaɓin Yuni

Da ku nake, ma'aikatan bakin tekun Gana, tun daga Labadi da Kokrobite, a miƙe hanya zuwa Cape Coast da Elmina, har Busua can yamma. Hajiya mai waakye da ke hura wuta tun kafin assalatu, mai tsire da ke tsaye kan garwashi har dare ya raba, yarinyar da ke wanke zannuwan gado a masauki mai ɗaki takwas, saurayin da ke jan doki a kan yashi yana ɗora baƙi, direban da ke gyangyaɗi a ƙofar otal yana jiran fasinja, dattijon zango da ya baje takalman fata da jakunkuna yana ciniki da Turancin da ya tsinta a bakin aiki. Sannunku da ƙoƙari.

Baƙo yakan ce ya zo ganin ganuwar Elmina da Turawan Fotugal suka gina a 1482, ko kurkukun bayi na Cape Coast inda Obama ya shiga da iyalinsa a 2009, ko gadar igiya ta dajin Kakum. Haka ne. Amma abin da ya ci, gadon da ya kwana, motar da ta kai shi, tsarabar da ya koma da ita gida, duk daga hannunku suka fito. A 2019, lokacin da gwamnati ta yi shelar shekarar komowa gida, jikokin waɗanda aka kwashe bauta suka yi ta tururuwa daga Amurka da tsibiran Karebiyan, ku kuka tarbe su, ku kuka ciyar da su, sunan Gana ya yi ƙamshi a duniya. Mutumin da ya yi wa ƙasa wannan hidima bai kamata a gan shi a ƙofar asibiti yana laluben aljihu ba.

Kun fi kowa sanin yadda shekararku take. Disamba kasuwa ta cika ta batse, ba a samun lokacin zama. Daga Yuli zuwa farkon Satumba ma ana taɓawa, ga bikin Bakatue na Elmina a Talatar farko ta Yuli, ga Fetu Afahye na Cape Coast a Asabar ɗin farko ta Satumba. To amma akwai Mayu da Yuni, ruwa kamar da bakin ƙwarya, bakin teku fayau, kujeru a kife kan tebura. A daidai nan ne sauro ke cin kasuwarsa. Zazzaɓi ya kwantar da yaro, ya kwantar da uwa, kuɗin Disamba kuwa tuni ya tafi kuɗin makaranta da kuɗin haya da bashin mai shinkafa. Ko ba damina ba, kun ga 2020. A watan Maris aka rufe iyakoki, filin jirgin Kotoka bai buɗe ba sai 1 ga Satumba, iyakokin ƙasa kuwa sai Maris na 2022. Baƙi suka ɗauke ƙafa ɗif, ciwo bai ɗauke tasa ba.

Abin da ya fi cin jarin ƙaramin mai sana'a sau da yawa ba wata babbar masifa ba ce. Ku dubi rumfar mai waakye da sassafe. Ƙasa ta jiƙe, yarinyar da ke taya ta ta ɗauko tukunyar ruwan zafi, santsi ya kwashe ta, ruwan ya kwarara a ƙafa. A shafa ɗanyen ƙwai, a shafa man ja, a ɗaure da tsumma. "Hajiya, bari kawai, zai warke." Kwana uku ƙafa ta kumbura ta fara ruwa, yarinya ba ta iya takawa. "Ke yi shiru, 'yar nan, tashi mu tafi." Hajiya ta buɗe wayarta ta cire kuɗin da ta ware na buhun shinkafar mako. A asibiti a yanki kati, a wanke ciwo, a rubuta magani, a ce a dawo jibi, a sake dawowa gata. Rumfa ta kwana biyu a rufe, masu saye sun koma wajen maƙwabciya. Hajiya ta yi abin kirki, Allah ya saka mata, amma ita kaɗai ta ɗauki abin da ya kamata mutum talatin su raba.

Manyanku sun tuna zamanin da ake ce wa cash and carry, sai ka ajiye kuɗi kafin a taɓa ka. An yi asarar rayuka a wannan zamani saboda 'yan kuɗin da ba su taka kara sun karya ba. Ku kuma lura da inda maganin abin ya faro. A 1992, a Nkoranza, manoma ne suka fara zuba ɗan abin da suka samu a asusu ɗaya tare da asibitin mishan na garin, domin duk wanda aka kwantar a biya masa. Talakawa irinku suka riga gwamnati. Sai a 2003, zamanin Shugaba Kufuor, aka kafa dokar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIS, aka sabunta ta a 2012.

Akwai abin da da yawanku ba ku riƙe ba: kuna biyan kuɗin wannan asusu ko kuna da kati ko ba ku da shi. Akwai harajin lafiya na kashi 2.5 cikin 100 da ake ɗorawa kan kaya da ayyuka masu yawa, kuma shi ne babban abin da ke riƙe da NHIS. Kenan wanda bai yi rajista ba ya zuba, ya bar wa wasu suna ɗiba. Yaro ɗan ƙasa da shekara 18 ba ya biyan kuɗin shekara, haka tsoho mai shekara 70 zuwa sama, haka mace mai juna biyu. Sabunta kati ma ba sai an bar rumfa an je an yi layi ba, tun ƙarshen 2018 ana danna *929# a waya a biya ta momo, wato asusun kuɗi na waya. Abu ɗaya dai: sabon shiga yakan jira wata guda kafin katinsa ya fara aiki. Ranar da ƙafa ta kumbura an makara.

Na san abin da za ku ce, kuma ba ƙarya kuke yi ba. Ka je da kati a ce maganin babu, je ka saya a waje. A ce wannan gwajin ba ya ciki. A ce gwamnati ba ta biya asibiti bashinsa ba, sai ka ɗan cika. Wasu manyan cututtuka ma tun asali ba a sa su a jerin ba. Duk wannan yana faruwa. Sai dai ni abin da na karanta a cikinsa daban ne da abin da masu jefar da kati suka karanta. Kati ya ɗauke zazzaɓin cizon sauro da gudawa da haihuwa da ciwukan yau da gobe, waɗanda su ne suka fi kai ku asibiti. Ragowar kuma, wato kuɗin mota zuwa babban asibitin koyarwa na Cape Coast, maganin da aka ce babu, abincin gida na kwanakin da mutum yake kwance, nan ne aikin ƙungiya.

Dalilin da ya sa ƙungiya ta fi mutum ɗaya a wannan harka ba boyayye ba ne. Idan mutum ya je shi kaɗai neman inshora a kamfani, abin da kamfanin ke rayawa shi ne, wannan ya ji wani abu a jikinsa ne. Sai a tsauwala masa, ko a jera masa sharuɗɗa. Idan kuwa mutum arba'in suka zo tare, da matasa da dattawa, da mai ƙarfi da mai laulayi, kowa ya san ba za su kwanta rana ɗaya ba. Kuɗin masu lafiya ya ɗauki marar lafiya, badi kuma a juya. Takarda ɗaya, mai karɓar kuɗi ɗaya, wahalar kamfani ta ragu, farashi ya sauko. Manyan otal-otal na Akra da wannan suke samar wa ma'aikatansu inshora mai sauƙi. Masauki mai ma'aikata biyar ba zai iya ba. Masauki goma a layi ɗaya, da gidan abinci huɗu, da 'yan tasin da ke tashar gabansu, za su iya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Dokar 2012 ma ta san da wannan, domin bayan asusun gwamnati da kamfanonin kasuwanci, ta amince da asusun taimakon juna da jama'a za su kafa wa kansu su yi masa rajista.

Kuma ba baƙon abu ake kawo muku ba. Wace ce a cikinku ba ta zubin susu, wato adashi? Wane zango ne ba shi da ƙungiyar biki da suna da rasuwa? Mun iya tara kuɗin anko cikin mako guda, mun iya tara na sadakar bakwai kafin a tashi daga zaman makoki. Hannun da ya saba da wannan ba zai gaza tara na magani ba tun mutum yana da rai. Ku yi lissafi da kanku: mutum 40, kowa ya ajiye sidi 2 a rana, cikin kwana 60 na kakar baƙi an tara sidi 4,800. Daga ciki a sabunta wa kowa katinsa rana ɗaya, har da na 'ya'ya, ragowar ya zauna don ranar da aka ce maganin babu. Dabarar ita ce a karɓa lokacin da kuɗi ke shigowa. Wanda ya ce zai bi mutane karɓar zubi a watan Yuni zai sha baƙar magana, kuma da gaskiyarsu.

Alhaji mai masauki, Hajiya mai gidan abinci, yanzu da ku nake. Na san ribar ba ta kai yadda ake zato ba, ga wuta, ga ruwa, ga haraji iri-iri, ga watannin da ɗakuna ke kwana ba kowa. Amma ku tuna sau nawa kuka koya wa yaro aiki, ya iya gyaran ɗaki, ya iya tarbar baƙo, ya san wanda ba ya cin yaji, sannan ana gab da Disamba ya tattara ya koma babban otal. Ba kullum albashi ke jan su ba. Wani don an ce can idan ɗansa ya yi ciwo akwai mai biya. Idan kuka yi wa ma'aikacinku rajista da hukumar fansho ta SSNIT, ku kuna zuba kashi 13 cikin 100 na albashi, shi yana zuba 5.5, kuma daga cikin wannan ake cire 2.5 a kai asusun lafiya, don haka ba zai sake biyan kuɗin shekara na NHIS ba sai ɗan kuɗin sabuntawa. Ya samu fansho, ya samu asibiti. Ma'aikatan wucin gadi da kuke ɗauka lokacin cunkoso kuwa, ku sa su a asusun ƙungiya, ku biya rabi su biya rabi. Dama can ku kuke biya idan abu ya faru, don ba za ku iya kallon yaronku yana murƙususu ku kau da kai ba. Gara a biya kaɗan-kaɗan da shiri.

Wani zai ce, Malam, inshora ba caca ba ce? Tambayar tana da tushe, kuma malamai sun zauna a kanta. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi da ke Jidda ta yanke a 1985 cewa inshorar kasuwanci da aka saba da ita akwai matsala a cikinta, amma ta halatta wadda aka gina kan taimakon juna da kyauta. Asusun da kuka kafa da hannunku, kowa ya zuba da niyyar taimakon ɗan'uwansa, ba mai cin riba a kai, shi ne ainihin wannan na biyun. Idan ƙungiya ta girma har ta kai ga zama da kamfani, ku tafi da limaminku a karanta takarda tare. Mai cewa tanadin magani rashin tawakkali ne kuwa, ku tambaye shi ko yana barin rumfarsa a buɗe da dare.

Abin da ke kashe irin wannan tafiya kun san shi: ma'aji. Ƙungiyoyi nawa suka watse saboda an wayi gari mai riƙe da kuɗi ya yi tafiya? Don haka kada kunya ta hana ku tsari. Kuɗi ya zauna a banki ko a asusun momo na ƙungiya, ba a ƙarƙashin katifar kowa ba. Mutum uku su sa hannu kafin a cire ko sisi, kuma a cikin ukun lallai a sami mace, domin su ne suka fi zama da marasa lafiya, su suka san wanda ciwonsa na gaske ne. A karanta lissafi a bainar jama'a duk wata, a gaban Sarkin Zango ko wani dattijo da kowa ke jin nauyinsa. A rubuta tun farko abin da asusu zai biya da iyakar abin da zai biya wa mutum ɗaya, don kada ranar da ɗan'uwan shugaba ya kwanta a ce ai wannan daban ne. Kuma kada ku tsaya a kan 'yan zango kawai. Bafante mai kwale-kwale da matar da ke gasa kifi a gefenku, sauro ɗaya ke cizon ku, kuma duk yadda kuka ƙara yawa haka asusun ke ƙara ƙarfi.

Ba sai kun jira wata hukuma ta kira taro ba. Mutum biyar sun isa a fara. Ranar Juma'a bayan an sauko, ko daren Litinin da kasuwa ta yi sanyi, ku zauna a rumfar ɗayanku, kowa ya fito da katinsa a duba wanda ya mutu da wanda bai taɓa yi ba, har da na yaran shago. A rubuta sunaye a littafi, a zaɓi mutum ukun nan, a tsayar da abin da kowa zai iya zubawa ba tare da ya ji jiki ba. Sannan a aika mutum biyu ofishin NHIS na gunduma su tambayi yadda za a yi wa jama'a rajista a dunƙule, a sa rana tun kafin ruwan Mayu ya sauka.