Ba a San Maci Tuwo Ba Sai Miya Ta Ƙare

Magabata da suka ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, a bakin akushi suka faɗe ta, amma ni ban tsinkayi zurfinta ba sai a gaban teburin wani dattijo mai turare a Kankiya, gefen hanyar da ta taso daga Kano ta nufi Katsina, ranar da wani saurayi ya zo daga Kusada neman abin da zai shafa ranar ɗaurin aurensa, ruwan ido ya kama shi tsakanin kwalabe biyu, ɗaya ta fesawa mai kwali da ado, ɗaya ta shafawa mai maiƙo, haɗin almiski da udu.

Da aka fesa masa na farkon a bayan hannun dama, nan take ya zaro kuɗi. Dattijon ya ɗiga masa na biyun a hagu, ya ce, "Ɗana, mayar da kuɗinka tukuna. Je ka gama sayayyarka, ka dawo."

Wannan jinkiri ilimi ne, domin turare hawa-hawa yake. Abin da hanci ke fara karɓa, ƙamshin lemo da danginsa marasa nauyi, shi ne miyar, kuma ba ya wuce 'yan mintoci kafin iska ta tafi da shi, balle da zafin bazara. Tuwon kuwa shi ne abin da ke saura bayan an yi tafiya, an yi gumi, an sha zama a rumfa: almiski, wanda asalinsa daga wata barewa ce ta duwatsun Asiya, da udu, wanda ƙaro ne da itace ke fitarwa idan cuta ta kama shi, dukkansu masu nauyi ne, shi ya sa suke kwana a jikin babbar riga. Bint el Sudan, wanda aka fara haɗawa a 1920, maiƙo ne ba barasa a cikinsa, kuma ina ganin wannan na daga cikin dalilan da suka sa kakanninmu suka riƙe shi.

Ba ina aibanta na fesawa ba, akwai masu ƙarko a cikinsu. Abin da ke damuna shi ne mai saye yakan mance cewa ba don kansa yake shafawa ba. Shari'a ta kwaɗaitar da sanya turare ranar Juma'a saboda haƙƙin jama'ar da za a haɗa kafaɗa da su a sahu, alhali hancin mai shi yakan saba da ƙamshin har ya daina jinsa.

Bayan kamar sa'a biyu saurayin ya dawo, ya sansana dama, ya sansana hagu, ya kasa rarrabewa. Sai ya miƙa wa dattijon hannuwansa biyu ya ce, "Baba, kai ka gaya mini wanda ya saura."