Goge agogo kafin a kai shi kasuwa: kwalliya ce ko ɓoye aibi?

Agogon hannu ba ya daɗewa a ƙasar Adar bai yi tabo ba. Ƙurar hunturu da ke tasowa daga fako da tuddan duwatsu na Keita da Buza cike take da ɓarɓashin yashi, shi kuwa yashi ya fi ƙarfen agogo tauri: a ma'aunin Mohs, ma'adinin kwaz da ke cikinsa yana da maki 7, ƙarfen bai kai 6 ba. Mutum zai share agogonsa da hannun riga, a ganinsa tsafta ya yi, ashe gurza ya yi. Balle wanda ya ɗauki duwatsu a aikin farfaɗo da ƙasa irin wanda aka fara a Keita a 1984 da kuɗin Italiya, ko mai ɗora buhunan albasa kan manyan motoci a Madawa.

Ƙarfen nan da ake kira inoks ba ya tsatsa, amma ba a taɓa cewa ba ya karcewa ba. Wani Bature mai suna Harry Brearley ne ya haɗa shi a birnin Sheffield na Ingila a 1913. Sirrinsa sinadarin kuromiyam ne, aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari, wanda ke haɗuwa da iska ya yi wata siririyar fata da ido ba ya gani. In aka karce ta, sai ta sake rufewa da kanta. Tsatsa ba ta samun ƙofa, ramin karcen dai yana nan.

Shi ramin ne aikin mai gyaran agogo. Zai cire maɗaurin, ya liƙe gilashi da salatif, ya wanke dauɗa da tsohon buroshin haƙori. In karcen ya yi zurfi, ya fara da samfefa mai laushi wadda ya jiƙa da ruwa, ya koma wadda ta fi ta laushi, sannan ya laƙato man goge ƙarfe a tsumma ya yi ta murzawa har tsumman ya yi baƙi ƙirin. Gwani yana lura da inda kamfani ya yi wa jikin agogon zane-zanen layi, ya bi layin, kada ya mai da wurin madubi. Yana kuma duba bayan agogon tukuna, don da yawa daga na araha murfin baya kaɗai ne inoks, sauran jikin ruwan fari aka zuba wa wani ƙarfe. A murza da ƙarfi, launin ƙasa ya leƙo, an yi ɓatan ɓakatantan.

Wannan baƙin da ke tsumma fa ba datti ba ne, agogon ne. Gogewa ba ta cike rami. Gefensa take zaftarewa har ya sauko daidai da gindin ramin. Duk gogewa ɗaya tana rage ƙarfe, kusurwoyi su dakushe, kunnuwan da ke riƙe maɗauri su sirance, rubutun baya ya fara dusashewa. Agogon ya ƙara ƙyalli, ya kuma ƙara tsufa a lokaci guda.

In mai agogo don kansa ya goge, babu abin tattaunawa. Addini bai hana mutum ƙawata abinsa ba. Magana tana tasowa ne in kasuwa za a kai shi. 'Yan Adar sun yi suna wajen cin rani, daga Kano da Legas har Abijan da Libiya, kuma agogo na hannu, wato wanda wani ya taɓa ɗaurawa, yana cikin kayan da ke yawo a tebur da aljihu. Tsohuwar Seiko 5, samfurin da ya fara fitowa a 1963, in ta sha goga za ta zauna kusa da sabuwa ba a gane ta ba sai an ƙura ido. To, mai tebur ya yi wa hajarsa kwalliya ne, ko ya rufe wa mai saye ido?

Duk almajirin da ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani ya wuce ta babin ciniki, inda aka hana algus da yaudara da ɓoye aibi. Asalin hukuncin sananne ne: Imam Muslim ya ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya cusa hannu cikin tsibin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, mai kaya ya ce ruwan sama ne, sai ya tuhume shi kan rashin ɗora jiƙaƙƙen a sama inda jama'a za su gani. Manomin albasa a kwarin Tarka ba ya buƙatar sharhi a nan. Ya san abin da ake nufi da jera manya a bakin buhu, ƙanana da masu ruɓa a tsakiya.

Amma karce ba ruɓa ba ne. Ba ya hana agogo tafiya, kuma mai gogewa bai ɓoye shi ba, cire shi ya yi. Da wannan 'yan tebur ke kare kansu, hujjar kuwa tana da ƙarfi. Mai rago yana wanke shi kafin Layya, mai saƙar tabarma a Madawa yana datse bakin kaba kafin ya shimfiɗa ta, ba wanda ya ce sun yi ha'inci.

Sai dai malaman Malikiyya sun buɗe wani babi dabam, na yaudara da aiki ba da baki ba. Babban misalinsa makiyayin da ya ƙi tatsar akuya ko taguwa kwana da kwanaki don hantsarta ta cika ranar kasuwa. Bai furta ƙarya ba, hantsar ce ta faɗa a madadinsa. Hukuncin shi ne mai saye yana da zaɓin mayar da dabbar, haɗe da sa'i guda na abincin da garin ya fi ci. A Adar, gero ke nan. Shehu Ahmad Dardir na Masar, wanda ya rasu a 1786, ya ƙara misalai biyu da suka faɗo daidai kan teburin mai agogo: rina tsohuwar riga don a zaci sabuwa ce, da goge takobi don a zaci ƙarfensa nagari ne. Ba rini aka hana ba, ba a kuma hana guga ba. Zaton da aka shuka a zuciyar mai saye shi ne laifin.

Karcen jikin agogo shaida ne. Yana gaya wa mai saye cewa abin nan ya sha duniya, a duba injinsa, a duba robar da ke hana ruwa shiga, a rage tayi. Wanda ya share shaidar ya ɗau nauyin faɗin abin da take faɗa. Ba dogon wa'azi ake nema ba, kalma uku ta isa: "Alhaji, gogagge ne." In Alhaji ya ji ya saya, ciniki ya faɗa lafiya. Dillalin da ya yi gum yana jiran ƙyalli ya yi masa magana, shi da mai hantsa layi ɗaya suke, ko da bai rantse da komai ba.

Akwai wurin da lissafin ke juyewa. A wajen masu tara tsofaffin agogo a Jeniba da New York, wanda ba a taɓa gogewa ba ya fi tsada, karcensa da kaifin kusurwoyinsa su ne shaidar asali. Rolex Daytona ta ɗan wasan fim Paul Newman, wadda jikinta inoks ne ba zinariya ba, kamfanin gwanjo na Phillips ya sayar da ita dala miliyan 17.8 a Oktoban 2017, saboda hannun da ya ɗaura ta. Fiƙihu bai rasa amsa ba, don aibi a wurin malamai shi ne abin da ke rage daraja bisa al'adar masu cinikin. A Buza karce ne ke karya farashi, a Jeniba guga ce.

Yanzu kuwa da waya ta haɗe kasuwanni, saurayi a Keita zai iya ɗaukar hoton tsohon agogon da kakansa ya sayo a Makka ya tura wa mai saye a Yamai ko Kano ta WhatsApp. In mai sayen irin masu neman asali ne, gugar da aka yi jiya don a burge shi ita ce aibin da ya wajaba a fara ambata, tun kafin a yi maganar kuɗi.