Haƙƙin Kuru Idan Ya Tsufa



Masu cin kasuwa wajen Ganawuri da Chawai sun san kuru, gajeren dokin nan na mutanen dutse da ake hawa ba sirdi. Da can da shi ake farauta, yau babur ya rage masa daraja, sai ka sha yawo kafin ka ga guda. In ya tsufa kuwa, ko a sake shi yana kiwon leda a bola, ko a loda shi mota da jakuna a yi Kudu. Mu faɗi gaskiya, cikin masu lodin akwai namu.

Ba a hana ciniki ba, amma ƙishirwar dabba tana wuyan mai ita. Bukhari ya ruwaito labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha. Musulmin Dimashƙa kuwa har fili suka yi waƙafi, Marjul Akhdar, inda a da tsofaffin dabbobi ke kiwo har ajalinsu.

Don Allah mai lodi ya shayar kafin tashi, ya ƙara a hanya, kada a cusa gurgu cikin masu lafiya. Wanda ya ga yasasshen doki a Kafanchan ya sanar da Liman bayan sallah. Wani ɗan uwa ya ba da turke, dusa ce muke nema.

Wassalam.