Tsufa a kan dandali: bale da wasan No

A gidan Opera na birnin Paris, ɗan rawar bale yana ajiye aiki da zarar ya kai shekara 42. A Japan kuwa, ɗan wasan No mai waɗannan shekaru yanzu ne ake cewa ya fara nuna. Shin tsufa rage gwaninta yake yi, ko cika ta?

Balen da ake nufi ba wanda ƙungiyoyin samari ke yi a bukukuwan Nijar ba ne. Wannan suna kawai ya ara. Na Turai a fadar Faransa ya sami ƙa'idojinsa, inda sarki Luwi na 14 ya kafa majalisar malaman rawa a 1661. Burinsa rabuwa da ƙasa. Tun da Marie Taglioni ta taka La Sylphide a kan ƴan yatsun ƙafa a 1832, ake son mai rawa ta zama kamar ba ta da nauyi. Gwiwa da idon sawu ke ɗaukar wahalar, kuma ba su daɗe suna ɗauka.

No ya kama wata hanya. Ɗan wasa yana jan ƙafa bisa daɓen katako, diddige manne da shi, fuska a rufe da sassaƙen itace. In ya ɗaga kai kaɗan, sassaƙen ya yi kamar yana fara'a. In ya sunkuyar, baƙin ciki ya bayyana. Irin wannan ba ƙarfi yake nema ba, sai sanin gwargwado, abin da shekaru ke koyarwa. Zeami, wanda ya tsara ilimin wasan a farkon ƙarni na 15, ya bambanta kyan ƙuruciya mai wucewa da kyan da horo ke haifarwa, ya kafa hujja da mahaifinsa Kan'ami, wanda ya burge jama'a ƴan kwanaki kafin rasuwarsa a 1384.

Da an tsaya nan, sai a ce No ya fi adalci. Amma girmama tsoho yana da nasa nauyin. Manyan ƴan wasan No suna ƙarƙashin gidaje 5 ne, shugabanci galibi na gado, kuma yaro mai baiwa da ba ɗan gida ba yana iya shafe rayuwarsa a bayan wani. Bale, duk da rashin tausayinsa ga jiki, ya karɓi Rudolf Nureyev, ɗan talakawa daga Ufa, a makarantar Leningrad yana da shekara 17, har ya shugabanci ƴan rawar Opera ta Paris daga 1983 zuwa 1989.