Tafarkin Tao: Barin Tilas Hikima Ce Ko Kasala?

Yau ƙasar Sin za mu leƙa, mu duba wata tsohuwar koyarwa da ake kira Tao, wato "hanya" a harshen Sinanci.

Ana jingina ta ga wani dattijo mai suna Laozi. Sima Qian, masanin tarihin da ya yi rubutu wajen shekara 100 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya ce ma'ajin littattafai ne a fadar daular Zhou. Da ya ga mulki ya lalace sai ya kama hanyar yamma, mai gadin kan iyaka ya roƙe shi ya bar wani abu a rubuce. Wai haka aka samu littafin Tao Te Ching, mai babi 81 da kalmomi kimanin 5,000. Masana da dama na ganin hannu fiye da ɗaya ne ya tara shi. Tsufansa dai ba gardama, domin a 1993 an tono sassansa a kan tsagin gora a wani kabari a Guodian, na wajen shekara 300 kafin Miladiyya.

A wurinsu Tao shi ne asalin komai da tsarin da komai ke gudana a kai. Ba ya magana, ba ya umarni, ba ya hisabi. Nan muka rabu da su, mu da muka yi imani da Mahalicci mai ji, mai gani, mai aiko manzanni. Daga baya koyarwar ta zama addini sosai. A shekara ta 142 Miladiyya Zhang Daoling ya kafa ƙungiya a yankin Sichuan, kowane gida na ba da awo biyar na shinkafa. Aka samu limamai, wuraren bauta da alloli barkatai, shi kansa Laozi aka mai da shi abin bauta. Neman maganin dawwama ma ya shigo, har wasu sarakunan daular Tang suka sha haɗin da ke da guba suka sheƙa lahira. A yau Tao na cikin addinai biyar da gwamnatin Sin ta amince da su, tare da Musulunci.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne abin da suke kira wu wei. Akan fassara shi da "rashin yi", amma ni ina ganin "barin tilas" ya fi dacewa. Zhuangzi, wanda ya rayu a ƙarni na 4 kafin Miladiyya, ya kawo labarin wani mahauci da ya shekara 19 yana fiɗar shanu da wuƙa ɗaya, kaifinta bai dakushe ba. Sauran mahauta sara suke yi a kan ƙashi. Shi kuwa ya san inda gaɓa ta haɗu da gaɓa, nan yake zura wuƙarsa. Ki lura, aiki yake yi, kuma sai da ya yi shekaru yana koyo. In ya zo wuri mai sarƙaƙiya ma sai ya rage sauri, ya tattara hankalinsa.

To wacece a cikinmu ba ta taɓa sara a kan ƙashi ba? Yaro ya gaji liƙis, mu ce lallai sai ya kawo hadda yanzun nan. Maigida ya shigo da yunwa, mu tare shi da zancen kuɗin makaranta tun bai cire hula ba. Maganar gaskiya ce, gaɓar ce ba a samu ba.

Sai dai ina da ja. Littafin Laozi ya yawaita yabon ruwa, da taushi, da ƙanƙan da kai irin wanda ya danganta ga mace. Da daɗin ji, amma mun san yadda ake ɗaukar irin wannan zance a toshe bakin wadda ake zalunta. Wadda ake duka, ko aka hana ta ci da sha, in aka ce mata ta zama ruwa, me aka ba ta? Tun zamanin da malamin nan Xunzi, mabiyin Konfushiyas, ya soki Laozi da cewa ya san sunkuyawa amma bai san miƙewa ba. Gaskiya ina bayansa a nan.

Amma kada mu yi wa koyarwar ƙazafi. Mahaucin Zhuangzi bai ajiye wuƙa ya zauna ba, san nan sai da ya rabu gunduwa-gunduwa. Sannan ya goge wuƙarsa ya adana.