Horon da Yake Koyarwa

Karatu: Afisawa 6:1-4, Yahaya 9:1-7

Wata Lahadi na je wa'azi a Djougou. Bayan an tashi sujada, wani ɗan'uwa ya jawo ɗansa mai shekara bakwai zuwa gabana, ya ce, "Fasto, ka yi masa addu'a. Na yi ta dukansa har hannuna ya gaji, amma ba ya ji." Da zarar an buga ganga a majami'a, yaron sai ya toshe kunnuwa, ya yi ihu, ya faɗi ƙasa. Ba ya kallon mutum a ido, ba ya amsa sunansa. Maƙwabta sun ce aljanu ne, wasu sun ce sangarta ce. Na roƙi iyayen su kai shi babban asibiti a Parakou, a can likita ya ce musu galahanga ce, wadda likitoci suke kira otizim.

Galahanga ba maita ba ce, ba kuwa la'ana ba. Yanayi ne na yadda ƙwaƙwalwa take girma tun daga ƙuruciya. A shekarar 1943 wani likita a Amurka, Leo Kanner, ya bayyana ta cikin yara 11 da ya duba. A shekarar 2007 Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ranar 2 ga Afrilu domin wayar da kai a kanta. Tun kafin wannan duka, Ubangijinmu ya warware tambayar da take damun iyaye. Sa'ad da almajirai suka ga mutumin da aka haifa makaho, suka nemi sanin wanda ya yi zunubi. Yesu bai ɗora laifin a kan mutumin ba, bai kuma ɗora a kan iyayensa ba.

To, ko a bar irin wannan yaro ya yi abin da ya ga dama? A'a. Bulus ya ba iyaye maza umarni biyu a aya ɗaya: kada su tunzura 'ya'yansu, su kuma rene su da horon Ubangiji. Dole mu riƙe dukansu biyu. Horo koyarwa ce. In yaro bai koyi kome ba, fushinka kawai ka huce.

Da farko, ka rarrabe tsakanin ƙin ji da shan wahala. Ƙarar ganga, ko hayaniyar kasuwar Arzeke da babura ko'ina, takan shiga kunnen irin wannan yaro kamar allura. Ihunsa a lokacin kukan zafi ne. Ka kai shi wuri mai shiru, ka rage magana, ka jira ya natsu.

Na biyu, ka lura da abin da yake biyo bayan halin, gama shi yaron yake koya. Duk sa'ad da wannan yaro ya yi ihu, akan mare shi, a fitar da shi waje. Fitar kuwa ita yake nema. Ba da saninsu ba, iyayen suka koya masa cewa ihu shi ne mabuɗin ƙofa. Muka shirya cewa in ya taɓa hannun mahaifiyarsa, za ta fita da shi nan take, ba faɗa. Da ya gane akwai hanya mai sauƙi, ihun ya fara raguwa.

Na uku, sakamako ya zo nan da nan, ya zama ƙarami, ya kuma dace da abin da aka yi. In ya jefar da abin wasa, a ɗauke shi na ɗan lokaci. In ya zubar da kunu da gangan, a ba shi tsumma ku goge tare. Cewa "bari babanka ya dawo" ba ta da amfani, domin kafin yamma yaron ba zai haɗa hukuncin da laifin safe ba.

Na huɗu, gida ya zama baki ɗaya. In Baba ya hana, Mama ta bari, Kaka kuma ta ba da alewa, yaron zai ruɗe. A yi masa magana gajeriya: "Wanka tukuna, sa'an nan wasa." In ya yi daidai, a yaba masa a take. Yabo ma sakamako ne, ya kuwa fi hukunci ƙarfi.

Wani zai ce, ai Karin Magana ta yi zancen sanda. Gaskiya ne. Amma ka tuna da sandar makiyayi a Zabura 23, wadda take bi da tumaki, tana kuma ta'azantar da su. Dokar yara ta ƙasar Benin ta shekarar 2015 ma ta hana dukan yara. Yaron da ba ya iya faɗin abin da yake damunsa, duka yakan koya masa tsoro, wani lokaci ma ya koya masa dukan wasu.

Yaron nan har yanzu yana da galahanga. Akwai ranakun da kome yakan rushe. Amma yanzu yana zama kusa da ƙofar majami'a, mahaifinsa kuma ya ajiye bulala.

Ƙaunataccen mai karatu, sau nawa Allah ya maimaita maka darasi guda bai gaji ba? Ka yi wa ɗanka irin wannan haƙuri. Ku kuma ikkilisiya, kada ku harari uwar da ɗanta ya yi ihu. Ku matsa mata wuri.

Addu'a: Ya Uba, ka gafarta mana inda muka hukunta abin da ba mu gane ba. Ka ba mu hikima da haƙuri mu koyar da 'ya'yanmu yadda kake koyar da mu. Cikin sunan Yesu, Amin.